Daɓen da Na Hana Inna

Shekarar da 'yan bindiga suka hana noma a Runka na ɗauko mahaifiyata, Inna, na dawo da ita Safana, inda nake koyarwa a firamare. Da ƙyar ta yarda ta hau babur. Na riga na gina mata ɗakin bulo da rufin kwano, ƙasan kawai ya rage.

Ta leƙa, ta ce, "Ɗan nan, kar ka sa mani siminti. Samo mani tsakuwa da makubar ɗorawa, in kira mata mu yi daɓe."

Na san abin da take nufi. A ɗakinta na Runka, in bazara ta tsananta, bayan azahar takan yayyafa wa daɓen ruwa rabin ƙwarya. Ƙasa ta shanye, ta riƙa sako sanyi a hankali har la'asar. A kai muka yi ta birgima muna yara, ko tabarma babu.

Amma a lokacin girman kai ke ɗawainiya da ni. Malamin makaranta guda, a ce uwarsa na kwana kan daɓe a cikin gari? Na ce, "Inna, ai an wuce wannan zamanin." Na sa aka malala siminti, aka goge shi sumul, na sayo fanka. Wutar lantarki kuwa sai mu yi mako ba mu ga ƙyallinta ba.

Da zafi ya shigo, kwano ya gasa ta ta sama, siminti ta ƙasa. Ta yayyafa ruwa yadda ta saba, ruwan ya kwanta yana kallonta. Ƙuraje suka feso mata a wuya da baya. Ba ta sake yi mani maganar ba, ni kuma kunya ta hana ni fasa abin da na gama cika baki a kansa. Na ce damina ta kusa, kwana nawa ne.

Wata ranar kasuwa na dawo daga makaranta, matata ta ce Inna ta bi a-kori-kura ta koma Runka. Saƙon da ta bari shi ne in yi haƙuri, barci take so ta samu.

Wata biyu ta yi a can. Ba 'yan bindiga suka taɓa ta ba, zazzaɓi ne. Sai dai ranar da ta rasu hanya ba ta biyuwa, babu ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke ni. Maƙwabta suka yi mata sutura, ni ina Safana riƙe da waya. Har yau ban huce da kaina ba. Fasa simintin nan aikin guduma na wuni ɗaya ne, da na yi, da ta zauna.