Sunan da Dada Ta Ƙi Faɗa

Ni dai ban nemi wannan aiki ba, ɗora mini aka yi. Danginmu ne suka buɗe zauren zumunci a waya, aka daɗe ana turo gaisuwar Juma'a da hotunan jarirai, sai wani ɗan baffana mai sayar da taki a kasuwar Rogo ya kawo shawarar a buga kalanda mai ɗauke da salsalar gidanmu, a raba a taron bayan Babbar Sallah. Kowa ya ce madalla. Da aka zo kan wa zai yi, sai aka tuna akwai malamin makaranta a dangi, mai koyar da tarihi ma kuwa, a birnin Kano. Shekara da shekaru ina cusa wa 'ya'yan mutane sunayen sarakunan ƙasashen da ban taɓa takawa ba, ina na ga bakin cewa ban iya jero kakannina ba?

Na zauna na ja layuka. Ni, babana, kakana, waɗannan ba wuya, sunan kakan ma da shi ake kirana tun ina aji ɗaya. Daga nan biro ya tsaya cak. Mahaifin kakana, wanda ya fara kafa ruga a ƙasar Fulatan, wanda duk mu masu surutun nan daga tsatsonsa muka fito, ba wanda ya san sunansa na yanka. Baffan Gangare kowa yake cewa, don a gangaren rafi ya kafa bukkarsa. Babana ya rasu ina yaro, 'yan'uwansa sun bi shi ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ce ta rage da ta ga Baffan Gangare da idonta ta kuma san sunan, ita ce Dada, kakata, matar ɗansa. Ta tsufa tukuf, kullum aka tambayi jikinta sai a ce da sauƙi, irin da sauƙin nan da kowa ya san ma'anarsa. In ta tafi, sunan ya bi ta.

Na ce wannan ai aikin yini guda ne. Na sayi goro da sabulu da turmin atamfa, na shiga motar Rogo, daga can ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni ƙauye. Na same ta a ƙofar ɗaki kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da laluben hannu, don idon ya yi nisa. Muka gaisa, ta tambayi gida da yara da aiki da gajiya da ruwan birni, sannan ta shafo cikina.

"Angon nawa, wannan tumbin fa? A Kano an hana tafiya da ƙafa ne?"

"Amarya, ke ce kika daina aiko mini da fura mai tsami, shi ya sa na samu lafiya."

Ta yi dariya har da tari. Na ga ranta fari, sai na sako maganar. Na ce, "Dada, Baffan Gangare, mene ne sunansa na gaskiya?"

Hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya. "Kai, ka ci gidanku," in ji ta. "Uban mijin nawa? A bakina? Lalle boko ya gama da kai."

Ba wai ban san al'adar ba ne. A cikinta na tashi. Mace a wajenmu ba ta kama sunan miji, ba ta kama na ɗan fari, balle na suruki. Abin da ban sani ba shi ne kunyar ba ta ƙarewa ko da ƙasa ta gama cinye mutum. Na yi mata bayani irin na aji, na ce tarihi ne, jikoki ne, kar asali ya ɓace. Ta ce asalin da ya zauna lafiya tun kafin a haifi ubana ba yau zai ɓace don ba a manna shi a bango ba.

Sai na koma dabara. Na ce to kar ta faɗa, ni zan riƙa jero sunaye, in na zo kansa ta ɗaga kai kawai. Na fara daga Annabawa, na gangaro Sahabbai, na shiga sunayen ranaku. Duk wanda na kira sai ta ce, "Allah ya ba mu albarkacinsu," da murya iri ɗaya, kai kuwa ko motsi. Na ciro waya na ce to ta faɗa wa wannan, ni zan fita waje.

"Tana ji?"

"Tana ji mana."

"To in tana ji, da ita da kai duk ɗaya. In ba ta ji, me zan gaya mata?"

Wallahi raina ya ɓaci. Na tashi na karkaɗe riga na ce ai ba a bakinta kaɗai Allah ya ajiye ilimi ba, akwai takardu. Ta ce in gaida takardun.

Aka yi mini kwatancen wani dattijo a Yola ta Karaye, wanda mahaifinsa ya yi wa wani dagaci malanta a zamanin da Rogo take ƙarƙashin Karaye, lokacin ana karɓar jangali, harajin shanu. Ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka jawo wata adakar ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Da aka buɗe sai da muka ja da baya saboda kyankyasai. Takardu ne jingim, wasu da ajami wasu da boko, gara ta ci rabonta ta bar mana saura. Na yini ina atishawa ina bin layi da yatsa. Na ga Fulanin rugage da dama, kowa da sunansa da na ubansa da yawan shanun da ya yarda a gani. Na mahaifin kakana, mai rugar gangare, shi kaɗai ne babu.

Da na ce Baffan Gangare nake nema, dattijon ya kwashe da dariya har hularsa ta zame.

"Malam, ai da ka faɗa tun da safe! Babana ya sha ba mu labarinsa. Da an ji masu ƙidayar shanu sun doso, shi ke nan, ya kora garkensa ya tsallaka ƙasar Zazzau. In na Zazzau suka fito, ya faɗa ƙasar Katsina. Sai ƙura ta lafa ka gan shi a gangarensa yana alwala."

"To sunansa fa, Baba?"

"Da babana ya san sunansa ai da ya rubuta shi."

Ikon Allah. Mutum ya ƙare rayuwarsa yana gudun takarda, ga ni jininsa na zo da tabarau ina nemansa a cikinta. A hanyar komawa na rasa ko haushi zan ji ko alfahari, sai na ji duka biyun.

Na koma wurin Dada ba girman kai. Ta ji tausayina, ko kuma ta ga abin wasa ya dawo, ta ce za ta taimake ni da abu ɗaya: sunansa ɗaya da ƙanin limamin da ya ɗaura mata aure, mutumin Rogo Ruma. Ban ko sha ruwa ba na nufi can. Zuri'ar limamin suna nan, suka shimfiɗa mini buzu, suka kawo fura, suka tabbatar mini cewa marigayi liman Allah ya albarkace shi da ƙanne maza har bakwai, ban da waɗanda suka mutu suna yara. Da na kawo mata ƙara, cewa ta yi, "Ai ba babban ba ne." Na ce na gode, saura shida.

Daga nan ne na ce a kai ni maƙabarta. Har yau in na tuna sai in tambayi kaina me na je nema. Na raka gawa ba adadi, na san ba ma rubuta suna a kabari, amma haka na tafi da biro a aljihu. Tsohuwar maƙabartar tana bayan kufai, gonakin dawa sun matse ta ta ko'ina. Dattawa biyu na ƙauyen suka raka ni. Kaburburan duk sun kwanta sun zama ƙasa ɗaya, sai tsingaron tulu nan da can a cikin ciyawa. Na farko ya nuna gindin wata kuka ya ce nan ne, babansa ya nuna masa. Na biyu ya ce ƙarya ne, a gindin ɗorawa aka sa shi. Na ce ina ɗorawar? Ya ce ai an sare ta tun tuni, kuma uban wannan ne ya sare ta ya ƙara gonarsa. Kafin in ankara sun bar Baffan Gangare sun koma rikicin iyaka, har da zare ido da nuna sanda. Da ƙyar na raba su, muka ɗaga hannu muka yi wa duk wanda ke kwance a wurin addu'a, namu da na wasu.

Don kar a ce na dawo hannu rabbana, na ɗauki hoton ciyawar na tura zauren zumunci, ban rubuta komai a ƙasa ba. Tabɗijam! Nan da nan aka cika waya da kabbara da fuskokin kuka. Wata 'yar'uwa daga Abuja ta ce tana ganin hoton ta ji tsigar jikinta ta tashi, jini ba wasa ba.

Sallah ta matso, mai taki ya kira ni. Ya ce, "Yaya, kai fa ka cika tsanani. A zaɓi suna mai daɗi a sa, a ƙara Arɗo a gaba. Wa zai ƙaryata?" Na ce Dada. Ya ce Dada da ba ta gani? Na ce ko ba ta gani ni ina gani, kuma in ya sa sunan ƙarya a kan kakanmu to ya cire nawa daga ƙasa. Muka yi baram-baram. Kalanda ta fito da hoton saniya a gurbin sama, kowa ya yaba, aka ce ta yi ma'ana.

Ni kuwa abin ya riga ya wuce kalanda. Sunan nake so, ko ba za a buga shi ko'ina ba. Ina so in ɗaga hannu in ce Allah ya jiƙan wane, in san wa nake nufi.

Da kaka, ana cikin yankan dawa, aka aiko cewa jikin Dada ya tsananta. Na same ta a kan gado ta ƙanƙance, muryar sai ka kai kunne. Na riƙe hannunta. Ban yi niyyar tambaya ba, Allah ya sani, amma bakina ya riga ni.

"Dada, don Allah. Ni kaɗai. Ba zan rubuta ba."

Ta rufe ido har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce, "Ranar da aka kawo ni gidan nan ina yarinya, ina ta kuka, shi ya aiko mini da karsana ya ce a gaya wa 'yar nan ta yi shiru, nan ma gida ne. Tun daga ranar ko inuwarsa ban taka ba." Ta numfasa. "Yanzu da nake shirin zuwa inda yake, kake so in kama sunansa? In na same shi, da wane ido zan dube shi?"

Kuka ya zo mini, na kuma ji ina sonta fiye da kowane lokaci, tsohuwar nan mai taurin kai. Ta matse yatsuna ta ce, "Angon banza, mai kuka gaban amarya." Ban sake tambayarta ba.

Ba ta kai ƙarshen watan ba. Muka kai ta sabuwar maƙabarta, aka jera itace, aka rufe, aka tara ƙasa, wani ya kafa fasasshen tulu a wajen kai, aka ja ƙaya aka ɗora saboda dabbobi. Muka dawo zaman makoki a ƙofar gida. Ina zaune ina amsa gaisuwa sai mai taki ya tsuguno kusa da ni da waya a hannu, idonsa jawur, faɗanmu ya wuce.

"Yaya, zan tura sanarwa, mutanen nesa su yi mata addu'a. Wane suna zan sa?"

"Dada mana."

"A'a, na yanka."

Sai a lokacin na gane ni ma ban san shi ba. Na tambayi dattawan da ke kan tabarma, suka dubi juna, suka ce su tun tasowarsu Dada suka ji ana cewa. Aka ɗauko katin zaɓenta daga cikin kwalla: Dada aka rubuta, sai sunan ƙauyenmu a baya. Wata da watanni ina zarya tsakanin Karaye da Rogo, na zauna gabanta ban san sau nawa ba, kuma wannan tambaya ce da za ta amsa mini tana dariya.

Na tashi na shiga cikin gida wurin mata. Mahaifiyata tana zaune a ƙofar ɗakin marigayiyar da carbi, ita da ta zauna da Dada gida ɗaya tun tana amarya, ta yi mata wanka da wanki har ranar ƙarshe. Na durƙusa na yi ƙasa da murya.

"Inna, kin san sunan Dada na yanka?"

"Na sani mana."

"To mene ne?"

Ta dube ni da jajayen idanu, ta ja bakin mayafi ta rufe bakinta.

"Ko kwana ba ta yi a ƙasa ba," in ji ta. "Tashi ka ba ni wuri."