Layi Shida na Frau Hollerer

A tashar jirgin ƙasa ta Linz, da hantsi, wata dattijuwa tana zaune a bencin da ke fuskantata. Doguwa ce, ta doshi saba'in, furfurarta a ɗaure tsaf, bayanta a miƙe sambal. Rigar sanyinta mai tsada ce, amma bakin hannun ya soma cinyewa. A cinyarta akwai takardun wasan kwaikwayo, an ja layi a ƙarƙashin 'yan kalamai kaɗan.

Tana rufe shafin da tikitinta, leɓɓanta na motsi. Sai ta tsaya cak. Ta leƙa, ta rufe, ta sake tsayawa a wuri guda. Sau biyar ke nan ina gani.

Mai sayar da kofi ya miƙo wuya daga rumfarsa. "Ba Frau Hollerer ba ce? Likitar nan ta wasan talabijin! Marigayiya mahaifiyata ba ta yarda ko tari a yi in kina magana. Ni na ɗauka kin ajiye aiki."

"Aikin ne ya ajiye ni, ɗana," in ji ta, muryarta ta cika wurin. "Yau za a gwada ni a wani wasa a Vienna. Layi shida kacal."

"Haba, wannan ai kamar shan ruwa ne a wurinki!"

Tana ta murmushi har ya juya. Ina jin a da matar nan takan haddace wasan sa'a uku ba gargada. Yanzu ta zaro biro, tana rubuta kalmar da ke ɓace mata a tafin hannunta na hagu, 'yar mitsitsiya, yadda masu gwajin ba za su gani ba.