Namijin Gwandar da Muka Sare a Bekaji

Wata Asabar ce a farkon damina, shekarar da nake aji biyar na firamare, Baba ya fito da adda ya nufi bayan gidanmu na ma'aikata a unguwar Bekaji. Gwanda huɗu ne a wurin, kusa da inda muke wanke-wanke. Uku suna haihuwa har sai an tokare su da sanda. Na huɗun dogo ne, siriri, ba abin da ya iya sai zubo fararen furanni masu ƙamshi, waɗanda ni ke share su kowace safiya kafin makaranta. Saboda haka da Baba ya ce a sare malalacin, ni na fara ɗauko igiya.

Kakarmu Dada ce kaɗai ta ƙi. Haƙoranta sun daɗe da yin ritaya, kuma gwanda ce abin da take karyawa da shi cikin kwanciyar hankali, da ƙaramin cokali, a kan tabarma. Shekarar da ta gabata ta ɗaura wa itacen tsohon zanenta, wai ko ya ji kunya ya haihu. Bai ji ba. Duk da haka ta tsaya a gabansa tana cewa, "Ku bar shi. Tun da ƙwari na zuwa wurinsa, akwai aikin da yake yi." Baba ya yi dariya irin ta mai takardar shaida, ya ce, "Dada, aikin da ba a gani a kwano ai ba aiki ba ne."

Abin kunyar nawa ne. A wannan zangon malaminmu, wani mutumin kudancin Adamawa mai rubutu kamar na injin, ya zana mana fure a allo. Ya nuna sashen namiji mai ɗauke da gari ruwan ɗorawa, ya nuna na mace mai jiran garin, ya ce iska da ƙwari ne 'yan aike. Na haddace, na zana, har aka tafa mini. Sai dai ban taɓa zaton abin da ke allo yana faruwa a bayan gidanmu ba. Na ja igiya da ƙarfina.

Sauran ukun suka ci gaba da fure, amma sai 'ya'yan su kai girman ƙwai, su yi rawaya, su faɗo. Ashe shi kaɗai ne namiji a layinmu. Da malam ya ji labari, kallona kawai ya yi, ya ce, "Kai da ka ci jarrabawar?" Dada ba ta yi wa kowa gori ba. Ta koma kunu. Ta sa aka kawo mata iri daga wani lambu a bakin tafkin Njuwa, ta shuka da hannunta, tana ce mini, "Ko wanne ya fito, kar ka taɓa." Ranar da aka tsinki nunanniya ta farko, wata biyu ke nan da kai ta makwanci.

Yanzu an shafe bayan gidan da siminti, mota ke kwana a wurin. Gwanda kuwa a yanke nake saye, cikin leda, daga keken masu talla. Na koyar da darasin nan shekaru masu yawa, kuma duk sanda na zana furen a allo, ƙamshin da nake sharewa da safe ne ke dawo mini. Dada ba ta taɓa ganin zanen ba, itacen kawai ta tsaya ta kalla.