Neman Yafiyar Sale Harsashi

Talata: Daura zuwa Mashi

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da sallar asuba, na fito daga gida da kwali a kafaɗa. Saura kwana tara jirginmu na maniyyata ya tashi. Kamar yadda aka saba, na zagaye dangi da maƙwabta da abokan kasuwa na yi sallama, na roƙi a yafe mini, kowa kuma ya yafe, har da waɗanda ban taɓa yi wa komai ba. Saura mutum ɗaya, wanda shi ne na yi wa laifin gaske, kuma ban ma san inda yake ba.

Ga yadda abin yake, ko da yake ba daɗin faɗa. Muna aji biyar a makarantarmu ta kwana, ni ne mai tsaron gida na ƙungiyar ƙwallo. Ba don iyawa aka ɗauke ni ba, don tsawo ne. Sunana Iro, amma duk makarantar Rariya ake ce mini, saboda ba abin da ba ya wucewa ta hannuna. Ana gobe wasan ƙarshe na cin kofi, malamin wasanni ya ba ni ajiyar gwangwani biyu na gulukos da za a lasa wa 'yan wasa a hutun rabin lokaci. Na ce bari in ɗanɗana. Ɗanɗanon bai tsaya ba sai da na ga gindin gwangwani na biyu. Da tsoro ya kama ni, sai na cusa su ƙarƙashin katifar Sale Harsashi, ba don na tsane shi ba, don gadonsa ne kusa da ƙofa, na ce shigowa aka yi aka sace. Sale shi ne mai ci mana ƙwallo. Da aka bincika aka same su a gadonsa, ya sha bulala shida a gaban asambuli, aka cire shi daga wasan, aka miƙa masa langalanga ya je yankan ciyawa. Aka zuba mana huɗu ba ko ɗaya, dukansu ta gefena suka wuce. Yau ga ni da shagon kayan masarufi a kasuwa, kuma kwalin da ke kafaɗata gulukos ne cike, wai diyya zan kai.

Motarmu ta cika ƙarfe bakwai saura kwata. Direba ya ƙare mini kallo ya ce, "Alhaji, kujera biyu za ka biya ko ɗaya?" Na ce ɗaya, kwalin a cinyata zai zauna. Ya ce, "Ni ba kwalin nake nufi ba."

Ƙarfe takwas saura muka sauka Mashi. Na nufi wurin Hamisu Katako, tsohon ɗan bayanmu, wanda in ƙwallo ta wuce shi to mai ƙwallon ba zai wuce ba. Yanzu kayan gyaran babur yake sayarwa, 'yan Nijar na tsallakowa saye a wurinsa, kuma da mamaki ya zama mutum mai sanyin murya. Yana hango ni ya manta da sanyin, ya kwarma, "Rariya!" Duk layin aka waiwayo, ni da na sha babbar riga. Muka karya da koko da ƙosai, muka yi ta lissafa 'yan ajinmu: wane soja, wane ya rasu, wanda ya fi kowa faɗuwa a lissafi kuma shi ne ma'aji a wata ƙaramar hukuma.

Da na tambayi Sale sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Tun da muka bar makaranta bai ƙara yi mini magana ba. Na aika masa goron aurena, bai zo ba. Wallahi ban san abin da na yi masa ba. Tambayi Lawal a Dutsi." Na ture sauran ƙosan gefe, na ɗauki kwalina.

Mashi zuwa Dutsi

Da babu mota a kusa, Hamisu ya haɗa ni da wani ɗan acaɓa. Muna cikin tafiya ya ce, "Alhaji, matsa gaba kaɗan, tayar gaba na barin ƙasa." Muka iso Dutsi daf da azahar.

Lawal shi ne kyaftin ɗinmu. Tsallake muke ce masa, don ba katangar makarantar da bai haura ba zuwa kallon sinima. Yanzu na'ibin liman ne, gemu har ƙirji, kuma shi ya ja mu sallar. Na yi ta fama da zuciyata a sahu kada in tuna shi a saman katanga da wando a yage. Bayan mun ci dambu, ya ce Sale na garin Babban Mutum, can gaban Baure, yana noma yana kiwo. Na ga ba makawa, na kwashe labarin kaf na gaya masa, sannan na kawo dabarata: ya rubuta mini 'yar takarda mai ayoyi, in haɗa da kwalin in ba direba ya kai.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Iro, haƙƙin mutum ba a aika shi a mota. Ƙafarka za ta je, bakinka zai faɗa." Na ce, "Malam, ka tuna fa ni na riƙa riƙe maka takalmi in za ka haura." Ya ce, "Na tuna, na kuma tuba. Saura kai." A zaurensa na kwana, don kunyar in koma gida da kwalin uwargida ta tambaye ni.

Laraba: Dutsi zuwa Babban Mutum

Ƙarfe shida na bar Dutsi. Dole hanya ta bi da ni ta Daura, na sauya mota a tasha ina rufe fuska da hula, a garin da aka haife ni. Muka wuce Zango ƙarfe tara. Gaban Baure jami'an kan iyaka suka tsayar da mu, ɗayansu ya buɗe kwalin ya ce, "Wa ke jinya?" Na ce ni ne. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya rufe.

Sha ɗaya da rabi muka shiga Babban Mutum. Na sami Sale a ƙofar gidansa yana ba tumaki harawa. Jikinsa na nan kamar jiya, ba tumbi ko na magani, sai furfura. Ya rungume ni, ya shimfiɗa tabarma, aka kawo fura mai sanyi. Na sha, na ƙara, na tambayi damina, na tambayi tumakin ɗaya bayan ɗaya. Da tambayoyi suka ƙare, na tura kwalin gabansa na faɗi abin da ya kawo ni.

Bai ko dubi kwalin ba. Ya ce, "Kai ne? Shekara nawa ina ƙullace da Hamisu!" Na fara jin kukan tumakin kamar da ni suke. Can ya miƙe ya shiga gida, ya fito da ƙwallo, ashe shi ke horar da samarin garin. Ya ja ni bayan gida wata gona da aka girbe, ya kafa kara biyu, ya ce, "Tsaya nan. Akwai bugun da nake bin ka."

Na naɗe babbar riga na tsaya, na ƙudurta ko motsi ba zan yi ba, ya ci ya huce. Ya ja da baya ya saki ƙafa. Ni dai na ji dum! Ƙwallo ta daki tumbina ta koma, na zube a kan kunya ina neman numfashi. Shekara uku ina tsaron gida ban taɓa tare bugu irin wannan ba, sai ranar da bai kamata ba. Sale ya yi dariya har ya durƙusa, har hawaye. Na ce a raina shi ke nan, an wuce wurin.

Ya share ido ya zauna kusa da ni. Ya ce, "Bulalar ba ta dame ni ba, Iro, wasan ma haka. Ranar nan mahaifina ya taho a keke tun daga nan, sai da ya kwana a hanya, don ya ga ina buga ƙwallo. Ya tarar da ni ina yankan ciyawa. Ya tambaya, aka ce sata na yi. Ko ruwa bai sha ba ya juya kekensa. Na rantse masa, ya ce ya ji. Amma har ya rasu, yau shekara shida ke nan, bai ƙara bari na shiga rumbu ni kaɗai ba."

Kwalina ya zama abin kunya a idona, na ji da ma ƙasa ta tsage. Ya ce, "Nawa na yafe maka, duniya da lahira. Amma taso, Inna na ciki."

Ya yi mini iso. Tsohuwar na zaune a kan tabarma tana gyaran wake. Na durƙusa na gaishe ta, na faɗi maganar a hankali kaina a ƙasa. Ta ce, "Me ya ce? Ɗaga murya, ɗan nan, kunnen ya yi nauyi." Na ƙara. Ta ce ba ta ji ba. Haka na buɗe maƙogwaro a tsakar gidan mutane, matan gida na leƙe ta labule, na ce, "Inna, ni na shanye gulukos ɗin! Sale bai saci komai ba!"

Ta ajiye faifan. Ba ni ta kalla ba, ɗanta ta kalla, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Da ma Malam na nan ya ji." Ta juyo ta ce ta yafe, Allah ya kai ni lafiya, in na je Arfa in ambaci marigayi mijinta, Malam Isiyaku, da sunansa.

Komawa gida

Na baro Babban Mutum bayan la'asar, Sale ya raka ni tasha, ya ce ranar Juma'a zai je Mashi da kansa. Ana kiran magariba na shigo Daura. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Hamisu da Malam Lawal da suka ciyar da ni, na gode wa Sale da Inna da suka yafe abin da ban cancanci a yafe mini ba. Mutumin da ya fi kowa buƙatar jin maganar nan kuwa, na makara da shekara shida.