Man kaɗanyar da na lafta wa Yayana

Edita, bara ina aji biyu a sakandare, kuma duk Kakuri ba wanda ya kai ni iyayi. Iyayin nan ne ya sa na juye rabin gwangwanin man kaɗanyar Mama a kan Yayana, har kansa yana ƙyalli kamar sabon kwano.

Yayan nawa yana da wani ciwo. Wani lokaci sai ya bar barci, ya yi ta surutu, ya ce zai saye masaƙar da Baba yake aiki ya naɗa ni manaja. Bayan nan kuma sai ya kwanta makonni, ko cocin da yake buga ganga ba ya zuwa. Maƙwabta suka ce wiwi ne. Baba ya gaji, ya ce a kai shi ƙauye a ɗaure. Mama ta roƙa a bar ta ta gwada asibiti sau ɗaya tak, likita kuwa ya ce za a liƙa masa wayoyi a ka a auna ƙwaƙwalwarsa.

Ni da na ji wayoyi, na ɗauka soya shi za a yi, shi ya sa na lafta masa man don kada ya ƙone. A asibiti ana liƙa waya tana sulɓewa. Ma'aikaciyar jinyar da ke liƙawa ta ce wai ba a gaya mana kada a shafa mai ba? Ta ce mu koma gida, sai wani watan. Da na faɗi dalilina, ta ce na'urar awon ba ta ba da wuta, 'yar wutar da ƙwaƙwalwa take yi da kanta take zanawa a takarda.

Mama ba ta ko harare ni ba. Ta san in muka koma haka, sai ƙauye. Ta ja Yaya bakin famfo, ta tsuguna gaban jama'a tana cuɗa kansa da sabulu. "Sista, ki jira mu," ta ce, "ɗana ba zai kwana da igiya ba." Matar ta jira.

Takardar ta nuna ba farfaɗiya ba ce. Daga bayanin Mama likita ya gane ciwon hawa da saukar yanayi ne. Jama'a, ku riƙa tambaya kafin ku yi iyayi, kada kuma ku ɗaure marar lafiya. Yaya yana shan magani kullum, ciwon yakan leƙo, amma ya koma makaranta, yana maimaita aji huɗu.