Rufin da Ya Ɗauki Atamfa

A shekarata ta biyu a Dubai kamfaninmu ya damƙa mini wani tsohon gida a Bur Dubai, kusa da bakin ruwa, cikin lungunan da mota ba ta shiga. Ni injiniyar gini ce, aikinmu kuwa gyaran irin waɗannan gidaje don a mai da su wurin shan gahawa da baje kolin zane. Ranar da na fara shiga babban ɗakin na ɗaga kai, sai na tuntsire da dariya ni kaɗai. Azara ce. To, ba ta giginya ba, wani icen bakin teku ne da suke kira candal, an jera shi, an shimfiɗa tabarma, an zuba ƙasa a kai. Amma wadda ta tashi a soron kakarta a cikin birnin Kano ba sai an gabatar mata da wannan rufin ba. Soron kakata ina jami'a aka rushe shi aka zuba kankare, ita kuma ba ta daina ƙorafin zafi ba tun daga ranar.

Shugabana dattijo ne ɗan Labanan, ba mugu ba, tsoron ɗaukar alhakin rai yake. Ya ce baƙi za su riƙa zama a saman rufin nan, kuma babu littafin da ya faɗi ƙarfin icen da ya girmi kakanninmu. A cire shi, a sa ƙarfe. Na nace, na yi ta binsa har bakin mota, har ya gaji ya ce to a gwada. Idan mako ya ƙare ban gwada ba, leburori za su zo da guduma.

Gwajin ba wuya a baki. Za a tara wa rufin nauyin da ya fi na mutanen da za su hau, a bar shi ya kwana, ana duba wani ɗan agogo mai allura da ke nuna yadda icen ya lanƙwashe. Idan an sauke kayan ya miƙe, ya ci. Tambayar ita ce da me za a danne shi. Buhunan ruwa aka saba, amma shafen bangon nan na farar ƙasa ne, in ruwa ya zubo an gama da shi. Motar yashi kuma ba ta da hanya, ga shi sai an auna kowane buhu.

Ranar Juma'a na haye ruwa zuwa unguwar Sabkha cin tuwo a gidan wata Hajiya 'yar Maraɗi, babbar dillaliyar atamfa da ta mai da ni 'ya. Ina ta zuba mata kukana, ina jingine da diloli da suka kusa taɓo silin. Na juya zan gyara zama, sai idona ya faɗa kan baƙin rubutun da 'yan kago suka yi a jikin kowace dila. Nauyinta ne, an riga an auna, an rubuta. Lomar da ke hannuna ban san inda ta faɗi ba.

"Hajiya, ki ara mini kayanki su kwana a kan rufi."

"Ɗiyata, rana ce ta buge ki? Kontena na tashi Litinin."

"Kwana ɗaya rak. Zan rufe su da tamfol."

"Bon, to in rufin ya rufta da atamfata fa?"

Na ce akwai turakun ƙarfe da za mu kafa a ƙasa, ɗan tazara kaɗan da icen, ko ya gaza su za su tare shi. Ta dube ni ta dubi diloli, ta ce tun da take ba a taɓa neman aron kayanta don nauyinsu ba, kullum don kyau ne. Wannan ne ma ya ba ta dariya har ta yarda.

Da safe muka yi hayar abra, kwalekwalen nan na fito. Har yanzu in na tuna sai na dara. Diloli a tsakiya, Hajiya a samansu da lema tana ba matuƙi umarni da Larabcin da bai wuce "yalla" da "shwaiya shwaiya" ba, ni kuma da hular kwano a kan mayafi ina jin kamar in yi guɗa. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukarmu hoto. A ɗaya gefen masu kura suka kwashi kayan suka kutsa lungu.

Muka riƙa ɗorawa kaɗan-kaɗan, ina bakin ƙofa ina leƙen allura. Icen ya yi wata 'yar ƙara, na zabura zan tsayar da aikin. Hajiya ta ce, "Ƙyale shi, tsoho ne, in zai tashi sai ya yi nishi." Allura ta matsa, ta matsa, ta tsaya nesa da jan layin iyaka da shugabana ya zana a jikin agogon. Washegari ma nan muka same ta, ko gezau.

Saura miƙewa. Aka fara saukewa, shugabana ya tsuguna da tabarau a kan hanci, ni na kasa tsayawa wuri ɗaya. Allura ta riƙa rarrafowa baya har ta kusa komawa gidanta. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Halas, shi ke nan, ku bar shi." Ban san sadda na haye saman rufin da gudu ba, na yi tsalle da takalman aiki har sau nawa ban ƙirga ba. Daga ƙasa Hajiya tana cewa in sauko, kar a ce 'yar da ta riƙa ta zautu.

Ƙura ta ɗan taɓa turamen dilar ƙasa. Na fara ba da haƙuri, ta ce in adana haƙurina. Atamfa ba ta tafiya a kasuwa sai da suna, wannan zanen kuma ta rasa abin da za ta kira shi, yanzu ta samu. Ta zaro turmi ɗaya, kore mai ratsin ruwan goro, ta cusa mini a jaka.

Da na je hutu Kano, kakata na kai wa. Na same ta a ɗakinta na kankare, an ɗauke wuta, tana fama da mafici. Na ba ta labarin tun daga kwalekwale, tana dariya har da share ido. Da na zo kan allurar sai ta ajiye maficin.

"Ke, bar zancen agogo. Sun bar rufin?"

"Sun bar shi, Kaka."

Ta shafa turmin, ta kai shi hanci. Ta tambayi sunan atamfar, na ce Hajiya ta sa mata Azara Na Nan. Ta ɗaga kai ta kalli silin ɗinta, sannan ta ce gobe da safe in kai wa tela.