Kwamfutar da Malam Iro Ya Koya wa Maraba

Malam Iro ba ya cusa waya a bayan kwamfuta sai ya busa kanta, ya goga a hannun rigarsa, sannan ya ɗaga yatsa ya ce kowa ya yi shiru. Ko shugaban sashe ne ke magana sai ya dakata. Daga nan ya tura wayar a hankali har ta ce ƙas, ya karkatar da kai yana saurare. Ku da kuka yi aiki da shi a Kongo, nan Zariya, kun san wannan tsayuwar. Ni kuwa na fi ku saninta, don ni na sha wuyarta.

Taubashina ne, ɗan goggona. Tare muka tashi a unguwar Kwarbai, cikin birni, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Shi ya fara da gyaran rediyo a zaure, ni na koyi buga tafireta na samu aiki a ofishin wani sashe na jami’a a Kongo. Daga baya aka ɗauke shi a ofishin namu a matsayin mai kula da injina. Kullum tare muke fita ta ƙofar gari da safe, ina bayansa a kan babur, muna musu har mu isa.

Ana tsakiyar shekarun casa'in aka kwashe tafiretocinmu aka kawo kwamfutoci. Firinta ɗaya ce, saboda haka aka ja wa kowace kwamfuta waya, duk suka haɗu a wani ɗan akwati ƙarƙashin teburin Iro. Wayoyin a ƙasa suke kwance, kuma ba su da riƙo. Mai shara ya wuce da tsintsiya, waya ta zame. Wani ya miƙe ƙafa, waya ta zame. Abin haushin shi ne ko ka mayar da ita, kwamfutar ba ta san an mayar ba. Sai ka kashe ta, ka sake kunnawa, ka zauna kana kallonta tana miƙa kamar wanda aka tasa daga barci, ga malami tsaye a kanka yana jiran takardunsa.

Wannan ya tsaya wa Iro a rai. Ya ce min, “Shehu, akwai wani kati a cikin kowacce, shi ne mai kafar da waya ke shiga. Katin nan ya san an jona waya, sarai ya sani. Ba ya dai gaya wa kowa ne.”

Na ce, “To halinku ɗaya.”

Bai kula ni ba. Ya aro littattafai masu kauri, ya daina cin abincin rana da ni, ya daina musu a kan babur. In na tsokane shi sai ya ce “uhm.” Mutumin da muka yi shekara da shekaru ba mu yarda da juna a kan komai ba, yanzu ko na ce tuwon Kano ya fi na Zariya sai ya ce “uhm.” A nan na fara jin haushin injinan nan.

Bayan watanni ya tara mu. Ya rubuta wani ɗan furogiram da ke zaune a cikin kwamfuta yana ta tambayar katin ko an zo. Da zarar waya ta shiga, sai kwamfutar ta koma cikin ’yan’uwanta da kanta, ba kashewa ba kunnawa. Wannan kaɗai ya isa a yi masa godiya. Amma Iro ya ƙara da nasa: ya sa ’yar lasifikar cikinta ta yi wani kuka mai hawa da sauka.

Ya busa, ya goga, ya ɗaga yatsa, ya jona. Kwamfuta ta yi ƙit-ƙuu-ƙit.

Ya ce, “Kun ji me ta ce?”

Muka dubi juna.

“Maraba ta ce. Kuma ku lura da karin, na Zazzagawa ne. Da farko da Kananci ta fito, sai da na gyara.”

Aka tafa masa. Sai Hajiya Laraba, sakatariyarmu, ta ce bari ita ma ta gwada. Ta zare wayar, ta mayar, ba busawa ba gogewa, da jakarta ma a kafaɗa. Kwamfuta ta yi ƙit-ƙuu-ƙit, daidai irin na Iro, ba ragi.

Na ga fuskarsa ta canja.

Ya ce, “Hajiya, ke ma haka ta ce miki?”

“Ai ka ji, Malam Iro.”

Ya kira mai shara, ya ce ya jona. Ta yi masa maraba. Ya kira masinja. Ta yi masa maraba. Iro ya ja kujera ya zauna, ya zuba wa kwamfutar ido.

“Ni na rame a kanta,” ya ce. “Ni na bar abincin rana. Ashe duk wanda ya zo nata ne.”

Hajiya Laraba ta ce, “To ba haka ka koya mata ba?”

“Na koya mata ladabi, Hajiya. Ban ce ta zubar da aji ba.”

Washegari ya kafa doka: in waya ta zame, a kira shi, kada wanda ya taɓa. Wato abin da ya ƙirƙiro don a daina nemansa, shi ya sa aka koma nemansa fiye da da.

Ya bi tebur tebur yana sa wa kowa furogiram ɗin. Ya sa wa Hajiya Laraba. Ya sa wa ɗayan mai buga takardun, wanda bai fi wata biyu da zuwa ba. Ya iso teburina, ya tsallake. Na ɗauka mantuwa ce. Mako ya wuce, ina ji teburan mutane suna ƙit-ƙuu-ƙit, nawa tsit. Ni magidanci, da ’ya’ya, har da wadda ta isa aure, amma wallahi in na ji kwamfutar Hajiya ta yi kukan nan sai kishi ya kama ni.

Ranar da abin ya kai maƙura, lokacin jarrabawa ne. Ina buga takardun tambayoyi, ɗalibai sun riga sun zauna a aji, malamin yana tsaye a bayana yana kaɗa mukulli. Ƙafarsa ta taɓa waya, firinta ta tsaya a rabi. Na mayar, tsit. Sai da na kashe na kunna, malamin yana faɗa min maganganun da har yau ban manta ba, a gaban kowa.

Da ya fita na je na tsaya a kan Iro.

“Me na yi maka?”

“Da aka yi me?”

“Kowa ka sa masa maraba, ban da ni.”

Ya ɗago a hankali. “Kai ɗan gida ne. Ka taɓa ganin an yi wa ɗan gida maraba?”

Na ce to ɗan gida yau an ci masa mutunci saboda shi, kuma daga gobe zan riƙa hawan motar haya. Wannan ta shige shi, don Iro ba ya iya tafiya ba wanda zai musa masa a baya. Da na dawo daga sallar azahar na tarar da shi yana tashi daga kujerata.

Ya ce, “Gwada.”

Na zare, na mayar. Kwamfutar ta yi wani gajeren kuka mai kauri, gaba biyu, na ƙarshen ya ɗan ɗaga.

Na ce, “Wannan ai ba maraba ba ce.”

“A’a. Cewa ta yi, kai ne?”

Ofis ya kwashe da dariya. Haka na ƙare aikina a wurin, kowa ana masa maraba, ni ana tambayata ko ni ne.

Mulkinsa bai daɗe ba. Bayan ’yan shekaru aka kawo sababbin kwamfutoci, tare da wani matashin injiniya daga Kaduna mai suna Nuhu, yaro mai ladabi. Su waɗannan ba sa buƙatar furogiram ɗin Iro. Kana jona waya sai wata ’yar fitila koriya ta kama a baya, aiki ya ci gaba, ba ƙara ba komai. Iro ya zare ya mayar, ya zare ya mayar, yana leƙen fitilar.

Ya ce, “Injiniya, wa ya koya mata?”

Nuhu ya ce, “Ba wanda ya koya mata, Malam. Haka ta zo daga kamfani.”

“Au, gado ne.” Ya gyaɗa kai. “Na ce ko. Ai ba ta yi kama da wadda ta sha wuyar karatu ba.”

Ya roƙi Nuhu ya bar shi ya sa musu murya. Nuhu ya ba shi haƙuri, ya ce tsarinsu daban ne, furogiram ɗin ba zai zauna ba. Iro ya gwada a ɓoye, bai zauna ba kuwa. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Hajiya Laraba, da ta ce ita dai ta huta da ƙara. Ya yi kwanaki ba ya amsa gaisuwarta da kyau. A kan babur ya ce min, “A shigo ba magana, a karɓa ba magana. Wannan ai zaman gaba ne.”

Da aka zo rabuwa da tsofaffin, shi ya kwashe uku ya kai Kwarbai. Wata Asabar da hantsi ina kwance na ji ana ƙwaƙular katangar ɗakina. Kafin in tashi ƙasa ta zubo, sai ga kan waya ya leƙo ta rami. Ya ajiye kwamfuta ɗaya a zaurensa, ɗaya a ɗakina. Ya ce in bar tawa a kunne bayan la’asar muddin akwai wuta. In yana son hira zai jona wayar a wajensa, tawa ta yi kuka, in fito.

Na ce, “Iro, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ka ɗaga murya mana, kamar yadda kake yi tun muna yara.”

Ya ce, “Murya kowa yana da ita.”

Gaskiya abin ya yi min daɗi, ko da yake ban nuna masa ba. Duk unguwar ni kaɗai ake kira da kwamfuta. Yara suna taruwa a tagata su ji. Ina ɗaukar tabarmata in fita ina taƙama.

Sai wata rana na shiga zaurensa ba tare da an kira ni ba, na tarar da Tanimu tela, maƙwabcinsa na ɗaya gefen, a zaune a inda nake zama. Na ɗaga kai, na ga wayoyi biyu rataye a ƙusa, ɗaya an ɗaura mata jan ƙyalle, ɗaya shuɗi. Kwamfuta ta uku ashe tana shagon Tanimu. Kafa ɗaya ce a bayan ta Iro, saboda haka kullum sai ya zaɓi wanda zai kira.

Na ce, “Wannan shuɗiyar ta wane ne?”

Tanimu ya sunkuyar da kai. Iro ya ce, “Gwaji nake yi.”

“Tun yaushe?”

“Tun kafin azumi.”

Na koma gida na zare wayar daga tawa, na turo ta waje ta ramin, na toshe da tsumma. Muka yi kwanaki a haka. Muna tafiya aiki a kan babur ɗaya, ba mai cewa uffan. Matata ta ce ba ta taɓa ganin dattijai biyu suna gaba a kan igiyar roba ba.

Ran Juma’a bayan an sauko, sai ga shi da kansa a ƙofar ɗakina, riƙe da kan wayar.

Ya ce, “Wayarka ta faɗo.”

“Ni na fitar da ita.”

“Na sani. Kullum ina jonawa, ba amsa.”

“Ka jona shuɗiyar mana.”

Ya tsaya yana murza kan wayar. “Shehu, Tanimu duk abin da na faɗa sai ya ce haka ne. Jiya na ce masa bana ba za a yi damina ba, ya ce haka ne. Ana ruwa fa a lokacin.”

Na danne dariya. Ya durƙusa, ya cire tsummar, ya mayar da wayar da hannunsa. Bai ba ni haƙuri ba, ban nema ba. Amma shuɗiyar ma bai sauke ta daga ƙusa ba, kuma na ci gaba da duba ta a kaikaice duk sanda na shiga.

Ciwon da ya ɗauke shi bai ba shi lokaci ba. Ya kwanta da zazzaɓi a ƙarshen damina, muka kai shi asibiti, bai dawo ba. Bayan an watse daga zaman makoki, muka rage ni da Tanimu a zauren, mutumin da na daɗe ina gaisawa da shi a tsaitsaye. Ya matso kusa da ni. Sannan ya ce, “Malam Shehu, ka san na jima ina jin haushinka?”

Na ce, “Ni kuma? Da na yi me?”

“In ya kira ni, daga zamana har tashina labarinka ne. Shehu ya ce kaza, Shehu bai san komai ba, bari Shehu ya zo ka ji yadda zan kayar da shi. Ko sau ɗaya bai taɓa tambayata ya ɗinki ba.”

Muka yi dariya har muka koma share ido da bakin riga. Tun daga ranar Tanimu ne abokin zamana, kuma ina ta koya masa musu, amma har yanzu da sauransa.

Allah ya jiƙan Iro, ya yafe masa kurakuransa, ya yalwata masa makwanci. Allah ya raya abin da ya bari. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani, ya sada mu da shi a gidan rahama. Akwai maganganun da ba mu ƙarasa ba.